Kwalaben da Na Bar wa Gwaggo

A shekarar da na shiga ajin ƙarshe na digirin mastar, duk wanda ke sashenmu na shimi, wato kimiyyar sinadarai, ya koma nano. Wanda bara yake auna gishirin ƙasa, bana nanon ƙasa yake aunawa. Mai binciken man gyaɗa ya ƙara kalmar a kan takardarsa, man bai canza ba. Nano dai abu ne da aka mayar ƙanana ƙwarai, har ƙwayarsa guda ba ta kai kaurin gashin kai ba ko kusa, kuma idan abu ya yi wannan ƙanƙanta halinsa kan sauya. Yakan kama datti da sauri, ko ya canza launi in ya haɗu da guba. Wannan gaskiya ne, na karanta shi sosai, kuma har yau yana ba ni mamaki. Sai dai a labonmu, ɗakin da muke gwaje-gwaje, babu na'urar da ke iya ganinsa. Mukan haɗa garin nanonmu, mu ƙulle a ƴar roba, mu jira wani malami mai tafiya Turai ya sa a aljihun jakarsa. Bayan watanni hoto ya dawo: wasu dunƙule-dunƙule masu ruwan toka, kamar kashin awaki da aka ɗauka daga nesa. Sai a liƙa a bango, a riƙa kawo baƙi su gani.

Malamin da ke duba aikina, Farfesa, shi ya zaɓa mini abin da zan yi. A jiƙa bagaruwa, a tace, a zuba gishirin ƙarfe a ciki. Nan take ruwan ya yi baƙi ƙirin. A busar, a samu baƙin gari, shi ne nanon. Aikina in nuna cewa garin nan yana tsabtace ruwan rijiya. Ranar da na yi wa kawuna bayani a waya, sai ya ce ai dukawan Konni da wannan haɗin suke baƙanta fata, ya tambaye ni ko shekara biyar na yi a jami'a kafin a nuna mini shi. Ban gaya wa Farfesa ba. Ban cika gaya masa komai ba. Mutum ne mai faɗin “al'ummomin karkara” da Faransanci kamar yana ambaton wani irin tsuntsu da ya taɓa gani a littafi, ko da yake an ce shi ma a bayan shanu ya tashi.

Ana buƙatar ruwan rijiya na gaske, kuma ni ne a ajin nake da ƙauyen da zan shiga babu takardar izini. Garinmu yana cikin Bazaga, rijiyoyinsa shida. Dole a ɗebi ruwan a ƙarshen rani, lokacin da rijiyoyi suka ja baya kuma dattinsu ya taru. In damina ta faɗi, sai wata shekara. Duk lissafina a kan wannan yake: in ɗebo a bazara, in auna, in rubuta, in tsaya gaban malamai in kare memuwar ɗina, littafin binciken ke nan, kafin shekarar karatu ta ƙare.

Kwana uku na yi ina shirya kwalabe goma sha biyu, biyu ga kowace rijiya. Na jiƙa su a ruwan asid, na ɗauraye da ruwan labo wanda babu komai a cikinsa, na busar da su a kife, na rubuta sunan kowace rijiya a jiki: ta masallaci, ta bakin kasuwa, ta gindin gawo, ta Fulani, da sauran biyun. Na jera su a akwatin sanyi, na riƙe shi a cinya tun daga tasha har Konni. Nan na sayi ƙanƙara, na hau kabu-kabu. Mai babur ɗin ya tambaye ni ko allurar yara na kawo. Na ce a'a, kwalabe ne. Ya tambayi abin da ke ciki, na ce babu komai. Ya waiwayo ya dube ni, ya ci gaba da tuƙinsa.

A gidan Gwaggo na sauka, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ɗan shekara shida har na tafi kwalej. Washegari na fito da guga, sai ta tare ƙofa. Ta ce a gidanta baƙo ba ya jan ruwa, balle wanda aka ce yana jami'a, don kafin azahar za a ce ta sa shi aikin rijiya. Ga shi kuma kawu yana jirana da babur. An yi rasuwa a Alela wata uku da suka wuce, ban je ba, kuma dangin can sun san na iso. Na ce sai na gama ɗiban ruwan. Kawu ya ce rijiya ba ta tafiya ko'ina, amma gaisuwar da aka jinkirta bayan an ga mutum a gari ta zama wani abu dabam.

Sai na zauna a gaban Gwaggo na yi mata bayani. Kada a wanke kwalaben. Kowace a kai ta rijiyar da aka rubuta, na ɗaura zare mai launi dabam-dabam saboda ba ta karanta boko. A ɗauraye sau uku da ruwan rijiyar kanta, a cika har baki, a rufe, a sa cikin ƙanƙara. Na maimaita sau uku. Tana tsinkar zogale, ba ta ɗago kai ba.

“Na ji ka, malam ƙarami,” ta ce. “Ruwa dai ne. Tun ba a haihe ka ba nike ɗiba tai.”

Da la'asar muka dawo. Kwalaben suna jere a akwatin, kowace da zarenta, cike har baki. Ruwan garau, kamar na kanti. Na san ruwan rijiyar Fulani a bazara, launin kunun da aka tsinka ne. Na tsaya ina kallo, Gwaggo na kallona daga bakin murhu. Tambaya ɗaya ce ta rage, daga ina ta ɗebo ruwan, kuma ma'anarta ita ce ina zargin matar da ta yi mini wanka shekara da shekaru. Na bar tambayar, na ciro kayena, littafin da nake rubuta awo a ciki, na rubuta: “Ruwan ya fi yadda na zata haske.” Na sa kwanan wata da ƙarfe nawa ne. Ban taɓa mantawa da sa lokaci ba.

A labo akwai na'ura ɗaya da ake ji da ita. Tana da rigarta ta yadi da makullinta, kuma ba a kunna ta sai kuran, wato wutar lantarki, ya zauna. Tana haska ruwa ta zana layi a allon ordinata, wato kwamfuta, in akwai wani abu a ruwan sai layin ya yi tudu. Na sa kwalba ta farko, layin ya yi wani tudu a wurin da ban zata ba. Ta biyu haka. Duk goma sha biyun haka, tudu ɗaya, tsayi ɗaya, kamar an buga da hatimi. Abubuwan da muke nema, irin su laka da gishirin taki, kaɗan ne ƙwarai, kuma su ma daidai suke a rijiyoyi shida.

Na kai wa Farfesa takardun ina tsoron ya ce na ɓata awo. Ya cire tabarau, ya mayar, ya miƙe ya rufe ƙofar buro, ofishinsa ke nan. Ya ce ko na san abin da na riƙo. Rijiyoyi shida, wasu a gabas wasu a yamma, duk da abu ɗaya: wannan na nufin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne gaba ɗaya ya gurɓace. Kafin shayinsa ya huce ya gano mai laifi, wato maganin ƙwari da masu noman rani ke fesawa, wanda ake tsallako da shi ta iyaka babu takarda. Na ce a hankali babu noman rani kusa da garinmu, gero da wake ne sai awaki. Ya ce ruwa yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ba ya tambayar mai gari hanya. Da na zuba baƙin garina a ruwan, tudun ya kwanta. Ya ce to shi ke nan, mun samu cutar mun samu maganin, a aiki ɗaya.

Daga ranar na zama mutum. Ya riƙa kirana “ɗalibina” a gaban sauran malamai. An buga babbar takarda mai launi, da taswirar Bazaga da jajayen ɗigo shida, aka liƙa kusa da ƙofar sashe. Ya aika taƙaitaccen bayani ga wani taron masana a ƙasar waje, aka karɓa. An ba ni makullin na'urar in riƙe a aljihuna. Ƴan ajinmu da ba su san muryata ba suka fara aron kayena. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Layin nan da na rubuta a ƙauye yana nan a shafinsa, ni kuma na daina buɗe shafin.

Ni kaɗai ne a labon nake sa safar hannu da abin rufe hanci kullum, kamar yadda littafi ya ce. Sauran sukan ci gyaɗa a kan teburin awo. Saboda wannan tsantsenin ne na yi sati shida da ruwan ban taɓa jin ƙamshinsa ba. Akwai wata dattijuwa ƴar Malbaza da ke kula da kayan labo tun kafin a haifi yawancinmu. Wata safiya tana gyara firji ta ɗauki ɗaya daga kwalabena don ta ga ko ta yi tsami, ta buɗe, ta kai hanci. Ta sake shinshinawa.

“Ɗana, ruwan randar wa ka kawo mana? Matar ta iya turare. Kajiji ne wannan, kuma ba ta yi rowarsa ba.”

Na sauke abin hancina. Ƙamshin ɗakin Gwaggo ne, na randar da ke bayan ƙofa, wadda take kifewa a kan kasko duk ranar Juma'a ta turara kafin ta cika. Dattijuwar ta dube ni, ta dubi ƙofar da takardar Farfesa take liƙe, ta mayar da murfin, ta ce ita ba ta ji komai ba, mura take yi.

Na fita bayan sashe na buga wa Gwaggo waya. Sai da muka gama gaisuwa, da awaki, da zafi, da ƙafarta da ke ciwo, sannan na tambaya. Ba ta ko yi jinkiri ba. Ta ce kwalaben warin asibiti suke yi, don haka ta wanke su da sabulu, ta kife su a kan kasko tare da randa. Ruwan kuma daga randarta ta zuba, duk sha biyun, wanda ya kwana biyu ya kwanta kuma ta tace da ƙyalle. Zaren ta bar shi yadda na ɗaura, tunda ta ga na damu da shi.

“Gwaggo, ai na ce na rijiya.”

“To daga sama anka kawo na randar? Na rijiya ne. Ka so in zuba na rijiyar Fulani, wanda raƙuma ka sa baki, a kai ma malaminka babban mutum, ya ce ga abin da mutanen garinku ka sha? Mu ba mu sha hakanan. Ko almajiri ya zo gidana ba ni ba shi ruwa daga guga, balle ruwan da za ya birni da sunan garinmu a jiki.”

Ta tambaye ni ko malamin ya sha, kuma me ya ce. Na ce ya yaba ƙwarai.

Kwana tara na yi ban faɗa ba. Saura wata ɗaya da rabi in kare aikin, ruwan sama kuma ya riga ya sauka a Konni sau biyu, rijiyoyin sun fara cikowa. In na yi shiru, zan gama bana, kuma da yabo. In na faɗa, sai wata bazarar. A rana ta goma na shiga buronsa na faɗa ina kallon takalmina. Ya saurara har ƙarshe, ya yi ɗan murmushi, ya ce hanci ba na'ura ba ne, kuma ba a rubuta abin da mai wanke kwalabe ta shinshina a mujallar masana. Ya ce babu wanda ya ce in yi ƙarya. A cire maganin ƙwari in ina so, a rubuta “wani sinadari da ba a tantance ba tukuna”, ai na'urar ba ta faɗi sunansa ba. Rijiyoyi shida kuma a bar su shida, tunda kwalaben suna da sunaye. Ya ce ɗalibai da yawa sun gama da abin da bai kai wannan ba, kuma ya yi gaskiya, na karanta nasu a laburare.

Ban iya gardama ba, ban taɓa iyawa ba. Na ce to, na fita. Na je kasuwa wurin masu turare na sayi kajiji, matar tana tambayata yaushe ne bikin. Na ari kasko a wurin mai shayin bakin ƙofa, na ɗauki kwalba sabuwa na kife a kan hayaƙin a bayan sashe, masu gadi suna kallona. Na cika ta da ruwan labo wanda bai taɓa ganin rijiya ba, na sa a na'ura. Tudun ya fito a wurinsa. Na buga takardar, na haɗa da ta rijiyar masallaci, na rubuta lokaci a ƙasan kowacce, na ajiye masa a tebur.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya ɗora ɗaya a kan ɗaya ya ɗaga wajen taga. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ya gani. Na ce babu kowa. Ya ce in ajiye makullin na'urar a teburin. Ya ce aikin ɗiban ruwa aikina ne, kuma ɗalibin da ya bar wa gwaggonsa kwalaben bincike ya tafi gaisuwa bai kai ya tsaya gaban malamai bana ba. A nan ma ya yi gaskiya, shi ya sa ta fi zafi.

Takarda mai jajayen ɗigo ta ɓace daga bango a ranar, sai alamar gam a kusurwa huɗu. Taron ƙasar waje kuwa ya je. Wani ɗan ajinmu ya nuna mini hoton a wayarsa: Farfesa a tsaye gaban allo, kan maganar ya koma yadda adana ruwa irin na gargajiya ke barin alama a ruwan sha na gidajen karkara, da yadda nano ke iya gano ta. An ce ya yi bayani mai kyau a kan cewa masu bincike suna kuskure da suke auna rijiya, alhali mutane daga randa suke sha, kuma shi ya gane haka ne saboda sanin da ya yi wa ƙauye. Maganar Gwaggo ce, na gaya masa ita a buro, sai dai ya sa mata kwat. Sunana yana can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa, bayan na kamfanin da ya buga allon.

Ƴan ajinmu suka gama suka watse. Ni na sake biyan shekara, ina zuwa labo ina wanke kwalaben wasu. Da bazara ta zagayo na koma garinmu da sababbi goma sha biyu, ban sauka a gida ba sai da na gama. Daga kan babur na wuce rijiyar masallaci da gugata. Matan da ke wurin suka ja baya suka yi mini fili, irin wanda ake yi wa mai wasa. Wata ta ce a taimaka masa kada ya faɗa, wata ta ce a bar shi, wataƙila a jami'a akwai yadda ake ja da ba mu sani ba. Igiyar ta sale mini tafin hannu tun a rijiya ta biyu. A ta Fulani wani makiyayi ya tsayar da raƙumansa ya jira, ya ga na cika ƴan kwalabe biyu da ruwan laka na rufe na rubuta, ya tambayi na kusa da shi ko lafiyata ƙalau. Kafin in kai ta shida labari ya isa gida. Gwaggo ta aiko mini da tuwo ɗakin baƙi, ba ta zo ta zauna ba.

Wannan karon rijiyoyin shida suka fito shida, kowace da halinta. Biyu ba su da laifi sosai, ta bakin kasuwa da ta Fulani kuwa ba su da kyau. Baƙin garina ya kwantar da lakar, ya rage wasu abubuwan, wasu bai taɓa su ba. Babu abin liƙawa a bango. Na kare aikin a ƙaramin aji, Farfesa yana duba wayarsa, aka ba ni sakamako na tsaka-tsaki.

Na je gida da takardar shaidar gamawa bayan sallah. Gwaggo ta karɓa ta juya ta, ta sa albarka, ta ajiye a kan fanteka. Sannan ta tambaye ni ko an rubuta sunan garin a littafin. Na ce an rubuta. Ta tambaya ko an ce ruwanmu da datti. Na ce na rijiya biyu, kuma ya kamata a gaya wa mai gari a gyara bakinsu, a raba wurin dabbobi.

“Kai za ka gaya mishi,” ta ce. “Kai ka kai ma malaman ruwan.”

Da yamma na je. Mai gari ya saurare ni da kyau, ya ce za a duba, ya tambaye ni ko yanzu na zama likita.